Yadda Mafitsara Ta Sauke Ni Daga Tirela

Da sunan Allah nake farawa, wanda ya bar mani bakin ba da labari bayan ya karɓe wasu abubuwan. Masu ilimi su yi mani uzuri, fitsari zan riƙa cewa, ba bawali ba, don abin da ya yi mani ya wuce a sakaya sunansa.

Sunana Sallau, a Funtua nake zaune, kuma shekara goma sha tara ina rakiyar hatsi. Alhaji, ubangidana, shi ke sayen masara da waken suya a kasuwar Dandume, a loda a tirela. Ni kuma in haye gidan gaba kusa da direba, takardun kaya a aljihuna, sai Ibadan. In tsaya a sauke buhu a kan idona, in juyo. Da wannan kujera na yi aure, na yi ɗaki uku, na sa yara makaranta. Ban iya wata sana'a ba, gonar gadonmu ma yayana ke noma ta.

To, a hanyar nan akwai wani daji da direba ba ya taka birki ko uwarsa ya gani tana ɗaga hannu. Kowa ya san dalili. Motoci kan taru su shiga a jere da rana tsaka, ba mai tsayawa sai an fita. Saboda haka mu 'yan rakiya muna da wata dabara da muke kira azumin mota: tun jajibirin tafiya ka daina shan ruwa. In ƙishi ya taso ka ɓare goro. In fitsari ya taso ka ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya ka yi masa wa'azi. Ni ne gwanin wannan. Na taɓa riƙewa daga Funtua har gadar Jebba, wannan gaskiya ne. A majalisa kuwa cewa nake har Legas da dawowa.

Ciwon ya fi shekara biyu yana yi mani sallama daga bakin ƙofa. Duk dawowa sai in ji zafi-zafi in zan kama ruwa. In je wurin Chidi mai kemis, wanda aka haifa a bayan layinmu, ya ba ni kafso ya ce, "Baba Sallau, sati guda cur za ka sha, in bai bari ba ka je a auna ka." In sha kwana biyu, in ji sauƙi, in adana sauran a aljihun gaba saboda wata tafiyar. A ganina tattali ne.

Da daminar bara ne ya shigo da kayansa ya zauna.

Satin farko, ji nake kamar an daka tarugu an ɗura mani ta inda bai kamata ba. Marata ta yi nauyi kamar na haɗiye dutsen niƙa. In ruga makewayi da gudu kamar zan cika randa, in tsuguna, ɗigo uku. In yi tsarki, in ɗaura wando, kafin in kai bakin zaure an sake kirana. Na yi sallar Azahar ɗaya da alwala huɗu. Na koma sahun ƙarshe kusa da takalma, ni da nake cika bakin sai bayan liman. Zama ya gagara, kwanciya ta gagara, tsayuwa ma sai ina rawa kamar mai tatsar saniya a kan tururuwa.

Matsalar mutum irina ita ce ba a yarda da shi ranar da yake buƙata. Na faɗa a majalisa cewa na fi zuwa sau hamsin tun safe, aka kwashe da dariya, wani ya ce, "Jiya ba kai ne ka ga ɓera ya ja buhun masara ba?" Na dawo gida na faɗa wa matata, Maman Hauwa. Ko ɗago kai ba ta yi ba daga tsintar shinkafa.

"Baban Hauwa, kai da sauro zai cije ka ka ce kura ce. Sha ruwa ka kwanta."

Da na ji wannan shawara tata, da labarin ya ƙare a nan.

Sati na biyu Yaya Haruna ya zo daga Ƙarfi a kan babur, da jarka ɗaure a baya. Shi kowace cuta a duniya ko sanyi ce ko basir. Ya dube ni ya ce sanyi ne. Jiƙon da ya kawo akwai sassaƙe, akwai citta, akwai kanwa, akwai barkono, ina jin har da tsohuwar taya. Sannan ya kawo hujjar da ta shige ni sarai.

"Kai Sallau, in rufin ɗaki na yoyo, ƙara masa ruwa ake? Rage sha, fita za ta ragu."

Ni da na yi digiri a azumin mota, wannan ai gida ne. Na rage. Kofi ɗaya da safe, jiƙo da rana, goro tsakani. Cikin kwana huɗu fitsarin ya koma kalar shayi ba madara, warinsa kuwa kajin gidan suka yi ƙaura. Fitar ba ta ragu ba ko kaɗan, zafin ne ya ninka. Rana ta biyar na ga jini.

Maman Hauwa ma ta gani, don ita ta shiga bayana. Bayan Magariba ta ajiye mani tuwo nesa kaɗan da inda ta saba.

"Baban Hauwa, zan tambaye ka, kada ka yi mani wasa."

"Ina ji."

"Ibadan ɗin nan, masara kaɗai kake saukewa?"

Na san abin da ake faɗa a kan mutanen hanya, ban kuma ga laifinta ba. Amma ya yi mani zafi fiye da tarugun. Na ce gobe mu je asibiti tare, likita ya faɗa a gabanta.

Sati na uku kenan. Wanda ya tsara layin asibiti bai san akwai masu irin ciwona ba. Sau uku ina kaiwa kusa da ƙofar likita, sau uku ina fita da gudu, in dawo in tarar an rufe gurbina kamar ban taɓa zuwa duniya ba. Makewayin kuma yana can ƙarshen gini, kuma sai ka nemi wanda ke riƙe da mabuɗi. Wata tsohuwa daga Kafur ce ta tausaya, ta ɗora ƙullin kayanta a wurina ta ce duk wanda ya taɓa ita da shi. Allah ya saka mata, ban ma tambayi sunanta ba.

Likitan matashi ne, mai magana a hankali. Ya ce, "Baba, sau nawa kake zagawa a wuni?"

Na ce, "Likita, ɗari, in ban ƙirga na tsaitsaye ba."

Maman Hauwa ta ce daga bayana, "Likita, duk abin da ya faɗa ka raba huɗu."

Ya yi murmushi, ya rubuta awo, ya ce kafin sakamako ya fito mu je mu ƙirga na kwana uku, ƙirga ta gaskiya. Ita ta karɓi aikin. Ta yi yadda muke yi wurin lodi, inda duk buhun da ya hau mota ake jefa ƙwayar masara ɗaya a kwano. Ta ajiye gwangwanin madara a bakin makewayi. Duk na wuce sai in ji ƙwal. In zan fita waje ta zuba mani ƙwayoyi a aljihun dama, duk zagawa in mayar da ɗaya hagu, in na dawo ta caje ni kamar ɗan sanda. Washegari da safe ta juye gwangwanin a faifai ta ƙirga, ta sake ƙirgawa. Talatin da huɗu. Ita ashirin da biyar ta sa rai, bisa lissafinta. Sai ta tashi ta ɗauko jarkar Yaya Haruna ta tuttular a kwata.

Awon kansa wata jinya ce. Injin asibitin ya lalace, aka tura mu waje. Fitsarin wai sai an rene shi kwana uku a ga abin da zai tsiro, kamar irin tumatir. Amma hoton mara shi ne azabar da ba zan manta ba. Sai mafitsara ta cika ake ɗauka. Aka ba ni ruwan leda huɗu aka ce in shanye in jira layi, kada in zagaya. Ni! Na zauna, na tashi, na jingina da bango, na karanta duk addu'ar da na haddace har da ta shiga kasuwa. Saura mutum biyu a gabana na sare. Na dawo, mai hoton ta miƙo mani wasu huɗun ta ce a sake daga farko. A zagaye na biyu Maman Hauwa ta bi layin mutum-mutum tana roƙo, aka bar ni na shiga. A wannan satin akuyarta mai ciki ta tafi kasuwa ba ta dawo ba, kuma har yau ba ta tayar da zancen ba.

Da muka koma, likita ya jera takardu. Ba suga, ba tsargiya, ba kuma ciwon da ake ɗaukowa wurin mata.

Na ce, "Likita, na ƙarshen nan, ɗan ƙara murya, akwai mai kunnen ƙashi a ɗakin."

Maman Hauwa ta ja mayafi ta rufe fuska. A hanyar gida ta saya mani rake, wanda a yarenta shi ne ban haƙuri.

Abin da ke akwai, in ji shi, ƙwayoyin cuta ne da suka daɗe a mafitsara, kuma kafson Chidi da nake sha rabi-rabi ya zame masu makaranta, sun gama sun karɓi shaida. Bangon mafitsarar ya kumbura ya yi kauri, ya daina haƙuri, ko cokali biyu suka taru sai ya yi ƙara. Ya kira abin da kalmar da ta zauna mani a kai: kuronik. Wai ba baƙo ba ne, ɗan gida ne, lallaɓa shi ake. Ya ba da magani na makonni, ya ce in sha ruwa kamar raƙumi, kada in riƙe fitsari ko na minti goma, in bar goro, in bar shayi, in bar yaji. Na ce to me ya rage a duniyar? Sai ya tambayi sana'ata. Na ba shi labarin azumin mota ina dariya, ina jiran ya yaba. Ya ajiye biro.

"Baba, shekara nawa kana wannan?"

"Sha tara."

"To ka zaɓa. In ka ci gaba, abin nan zai hau sama ya taɓa ƙoda. Can kuma ba ni da labari mai daɗi."

Na ce to. Amma a raina na ce yaro ne, bai san yadda lodi yake in kaka ta yi ba.

Sati na huɗu zuwa na bakwai sauƙi ya samu, ba zan ɓoye alherin Allah ba. Jini ya tsaya, zafi ya ragu, ƙwayoyin gwangwani suka sauko goma sha huɗu. Na koma sahu na uku. Rashin goro ne ya mai da ni kamar sabon mahaukaci, ina zagaya tsakar gida ina taunar asuwaki. Hankalina kuwa ba ya gida. Masara ta bushe a gona, ina jin motoci na wucewa Dandume. 'Yan rakiya sun fi motoci yawa, kujerar da ka bari sati biyu wani ya ɗumama ta. Alhaji kuma zazzaɓi na ce masa ina yi.

Ranar da ya kira ya ce lodin farko ya tashi, na ce ina nan garau kamar doki.

Maman Hauwa ta tsaya a ƙofar ɗaki. "Ka faɗa masa?"

"In faɗa masa me? Alhaji ɗauki mai tsayar da tirela sau goma sha huɗu?"

"To ruwan fa? Za ka sha ko ba za ka sha ba?"

Nan ne gizon yake. In na sha, sai an tsaya. In ban sha ba, ciwo ya dawo. Na yi abin da nake gani wayo ne: na yi rabin azumi, na kuma tafi da gorar roba babu komai ciki, saboda ko ta kwana.

Direban Lamidi ne, Bayarabe haifaffen Funtua, mun fi shekara goma muna tafiya tare, yana ce mani Sarkin Ƙarya ina ce masa Mai Jan Miya. Kafin mu kai bakin dajin na sauka sau biyar. Ya ce, "Sarkin Ƙarya, yau famfo ka haɗiya?" Muka shiga jerin motoci, mu ne na biyun ƙarshe, rana na tsakiya.

Ba mu yi minti arba'in ba abin ya kama ni. Hanyar duk ramuka, kowane rami kamar an soka mani tsinke a mara. Na juya baya na ɗauko gorar. Ashe ban yi lissafin abu ɗaya ba: tunda aka haife ni ban taɓa yi ba sai a tsugune, a ƙasa, da buta a gefe. A zaune, mota na jijjiga, ina tsoron najasa a tufafi, jikin ya ce bai san wannan ba. Ko ɗigo. Ga matsi kamar zan fashe, ga ƙofa a kulle. Zufa ta jiƙa ni har takardun kaya.

"Lamidi, tsaya."

Ya yi dariya.

"Lamidi, don girman Allah tsaya."

Ya waiwayo ya ga fuskata, dariyar ta ɗauke. "Sallau, ka san inda muke? 'Ya'yana biyar."

"Minti ɗaya."

"Yi a wando, wallahi ni zan wanke."

"Ba ya fita!"

Ya yi ta salati da Hausa yana zagina da Yarabanci. Can ya taka birki. Motar bayanmu ta kauce ta wuce tana danna oda kamar tana tsine mana. Na diro na tsuguna a gindin taya. Ƙarar motocin ta yi nisa har ta ɓace, ban taɓa sanin dajin nan yana da shiru haka ba. Na yi nishi, na yi nishi, abin da ya fito bai cika murfin kwalba ba, kuma ja ne. Sai na ji ƙarar babura daga cikin itatuwa, ba ɗaya ba, ba biyu ba.

Har yau ban san ko su waye ba. Mai yiwuwa manoma ne za su gida. Lamidi bai tsaya tambaya ba, ya saki mota ta fara gangarawa, na bi ta da gudu wando a hannu, ya finciko ni ta wuyan riga. Takalmina ɗaya yana can. A wannan wuri ba zan ƙara gishiri ko ƙwaya ɗaya ba, don bai buƙata.

Muka fita daga dajin, muka tsaya cikin mutane. Lamidi ya kashe mota, ya juyo gare ni.

"Ni ba zan faɗa wa Alhaji ba. Kai za ka faɗa. Amma ni da kai a mota ɗaya, an gama."

A Ibadan zazzaɓi ya rufe ni, da sanyi mai kaɗa haƙori, da ciwo a kwiɓi kamar an doke ni da taɓarya. Yadda aka sauke kayan nan, Lamidi ne ya tsaya ya ƙirga. Da aka dawo da ni Funtua, daga tasha asibiti aka wuce da ni, kwana biyar ana ƙara mani ruwa. Ruwan da na yi shekara sha tara ina gudu, ga shi an rataye shi a sama yana shiga ta hannu, da kuɗina kuma. Likita ya zo zagaye ya tsaya a kaina, bai yi faɗa ba. Ya ce ƙodar ta ji taɓi amma ta tsira, wannan karon. Maman Hauwa ta kwana biyar a kan tabarma a ƙasan gado, ita ke riƙe mani ledar ruwan duk zuwa makewayi, kuma ba ta ce "ai na faɗa maka" ba sai sau tara.

Da aka sallame ni na je sito wurin Alhaji. Na shirya jawabi mai kyau a hanya, cewa maleriya ce ta kudu, sauronsu kamar tattabaru. Na tarar ana lodi, 'yan dako na ta hawa da sauka, Lamidi na ƙarƙashin mota yana duba taya, bai ɗago ba. Alhaji ya sa aka ba ni kujera, ya yi mani sannu yana jan carbi.

"Malam Sallau, jibi mota za ta tashi. Ba na son in ji daga bakin kowa. Kai da bakinka, za ka iya?"

Shekara sha tara duk abin da ya tambaye ni cewa nake an gama. Na dubi motar, na dubi ƙafafun Lamidi da suka leƙo daga ƙarƙashinta.

Na ce, "Alhaji, ba zan iya ba."

Na faɗa masa komai, har da takalmin. Bai katse ni ba. Da na gama ya ce, "Da ka sa an ɗauke mani direba, da me za ka faɗa wa matarsa?" Sannan ya ce in riƙa zuwa sito ina tsayawa a kan sikeli, idona ya san buhun da aka yi wa ciko da tsakuwa. Abin da za a riƙa ba ni bai kai na hanya ba, ya faɗa mani gaskiya tun a wurin. Na yi godiya, kuma da gaske nake. Na kuma zagaya bayan sito na yi abin da ban yi ba tun rasuwar mahaifina, na ce wa 'yan dako ƙaiƙayi ne ya shiga mani ido.

Yanzu wata bakwai. Ciwon yana nan, muna zaman haya ni da shi. Wani watan ya yi shiru, wani watan ya buga ƙofa, ni kuma in tafi awo tun bai shigo ba, in shanye magani har ƙwayar ƙarshe. Nama ya ragu a miyarmu. Duk ranar lodi ƙafafuna ba sa zama wuri ɗaya, sai in kama kaina na zagaya tirela sau uku ina bubbuga tayoyin da ba ruwana da su.

'Yan uwana na gidan gaba, direbobi da masu rakiya, ku na rubuta wa wannan. Na san dajin yana nan, ban ce ku tsaya a cikinsa ba. Amma zafin nan da kuke ji in kun dawo, wanda kuke kashewa da kafso biyu, ku kai shi a auna tun yana ƙarami. Wannan karon kada ku raba maganata huɗu.

Allah ya saka wa matata da Lamidi da likitan nan da alheri, ya shiryi Yaya Haruna da jarkarsa, ya ba marasa lafiya lafiya, ya kai masu tafiya gida. Jibi ma mota za ta tashi. Zan auna mata kaya, in ɗaga mata hannu, in koma kujerata kusa da buta.